Motar Baƙo a Ƙofar Gida: Yadda Muka Shawo Kan Rigimar Fakin a Bakin Ruwan Yauri

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba.

Yau maganar fakin za mu yi, wato ajiye mota. Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke ƙasar nan sai wannan? To ka ɗan yi haƙuri ka ji abin da ya faru a gidanmu tukuna.

Ni ɗan Yelwa ne, Yelwan Yauri. Gidanmu na cikin wani layi da ke gangarawa bakin ruwa. Wata rana garin ya cika da baƙi, tun da hantsi motoci suka jeru a layinmu hagu da dama. Wajen la'asar naƙuda ta taso wa matar yayana. Ƙanin babanmu yana da mota a cikin gida, ya tayar da ita, muka buɗe get, sai ga wata baƙar jif an dasa ta daidai bakin ƙofa. Gilashi a rufe, babu lambar waya, babu wanda ya san mai ita. Muka yi ta cigiya har kwata. Can sai wani mai jirgi ya ce ai mutumin da iyalinsa sun shiga jirgi sun tsallaka.

Ku lura da wannan fa. A Kano ko Sakkwato idan mutum ya tare maka ƙofa, yawanci yana cikin shago ko masallacin da ke kusa. A garin bakin ruwa kuwa, mai motar yana iya kasancewa a tsakiyar kogi, ko a wani gungu, kuma ba zai dawo ba sai jirgi ya cika.

A ƙarshe mata ne suka riƙo ta, tana tafiya tana durƙusawa, har bakin babban titi, aka samu Keke Napep. Allah ya sa ta sauka lafiya, yarinyar ma yanzu tana gudu a tsakar gida. Amma tafiyar nan daga ƙofarmu zuwa titi, har gobe ban manta ta ba.

Kafin mu dawo daga asibiti samarin layi sun taru a kan jif ɗin. Wannan ya ce a sace iskar tayoyin, wancan ya ce a fasa gilashi. Sai Baba ya fito daga zaure ya ce, "Ku yara, motar da ke da iska ta hana mu fita wuni ɗaya. In kun sace iskar, kwana nawa za ta yi a nan?" Kowa ya yi shiru. Wannan tambayar ita ta sa na fara bin diddigin abin.

Me ya sa abin ya fi tsanani a bakin ruwa?

Dalili na farko, titi a bakin ruwa yake ƙarewa. A cikin gari idan ka rasa wuri sai ka wuce gaba ka zagayo. A nan gabanka ruwa ne. Duk motar da ta gangaro dole ta tsaya ko ta juya, kuma kowa so yake ya tsaya inda zai sauka ya taka jirgi. Shi ya sa layukan ƙarshe, waɗanda suka fi kusa da kwata, su ke shan wahalar.

Dalili na biyu, bakin ruwanmu ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba. An gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, ruwan ya taru ya zama tafki mai tsawon sama da kilomita 130, Yelwa tana can ƙarshensa na arewa. Sama da mutum dubu 40 aka tayar daga garuruwansu da gungunansu, tsohon garin Bussa ma ruwa ya cinye shi. Tun daga lokacin, ruwan yana hawa yana sauka duk shekara. Akwai ruwan damina na nan kusa, wanda ake kira farin ruwa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ba ya isowa wurinmu sai da sanyi. To kun ga, filin da ka gani a bushe lokacin da ruwa ya janye, har ka ajiye mota a kai, wani lokacin ka dawo ka tarar kwale-kwale ne a wurin. Kuma ko ya bushe a ido, ƙasan tana da laushi. Mun sha tura motar baƙo da ta kafe a laka. Idan ruwa ya cika, filin ajiye mota ya ragu, sai motoci su hauro cikin unguwa.

Dalili na uku, baƙinmu ba a hankali suke zuwa ba, a dunƙule suke zuwa. Ranar kasuwa ga masu sayen kifi banda, ga masu lodin albasa, ga fasinjojin da za su tsallaka. Yelwa tana kan babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta nufi Koko da Jega har Sakkwato, saboda haka manyan motoci ba sa yankewa. Ga bukukuwan aure, ga Sallah. Sannan ga Rigata, bikin ruwa na masarautar Yauri, wanda tushensa ke komawa ga Gungawa da jarumtarsu a kan ruwa, musamman wajen fuskantar dorina. Ranar tseren jirage kowa so yake ya ga ruwa da idonsa. Masarautar nan ƙananan hukumomi uku ce, Yauri da Ngaski da Shanga, kuma duk garin da ke da kwata, kamar Wara, ya san irin wannan cikowar ranar kasuwarsa.

Dalili na huɗu, layukanmu ba don mota aka yanka su ba. An yi su ne don mai tafiya a ƙasa, da jaki, da amalanke, da ɗan dako mai kwandon kifi a ka.

Bari mu yi ɗan lissafi

Ƙaramar mota faɗinta ya kai kusan mita 1.8. Ka ɗauki layi mai faɗin mita 6, wanda a unguwanninmu ma babban layi ne. A ajiye mota hagu, a ajiye dama, an cinye mita 3.6. Saura mita 2.4. Motar 'yan kwana-kwana kuwa faɗinta kusan mita 2.5 ne. Kenan ba za ta wuce ba. Ka tuna kuma unguwannin bakin ruwa su ne wuraren da ake banda kifi da wuta, ake ajiye jarkokin fetur na injin jirgi. Allah ya kiyaye, amma idan wuta ta tashi a irin wannan rana, ga ruwa muna kallo, motar kashe gobara ba ta da hanyar shigowa.

Haka idan hatsari ya faru a ruwa. Duk ɗan yankin nan yana tuna watan Mayun 2021, lokacin da jirgi ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka rasa rayuka masu yawan gaske. Allah ya jiƙansu. Darasin da na ɗauka shi ne, hanyar da ta gangara kwata hanyar ceto ce. Wanda aka tsamo daga ruwa da sauran numfashi, mintuna yake da su. Duk wanda ya toshe wannan hanyar da mota, ko bai sani ba, da rai yake wasa.

Ga wani lissafin. Mota 100 idan aka jera su a gefen layi, kowace ta ci mita 6, sun cinye mita 600. Amma filin ƙwallo guda, idan an tsara shi da kyau, zai ɗauki mota wajen 250. Wato matsalar ba rashin ƙasa ba ce. Filin yana nan, ba a dai nuna wa baƙo shi ba, ko kuma yana ganin ya yi masa nisa.

To wai titin ƙofar gidanka naka ne?

A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Titin gwamnati da ya wuce ta ƙofar gidanka ba naka ba ne. Baƙo yana da damar tsayawa a gefensa, kamar yadda kai ma kake tsayawa a ƙofar wasu idan ka je Birnin Kebbi. Abin da ba shi da dama shi ne ya tare maka ƙofar shiga da fita, ko ya toshe hanya. Toshe hanya laifi ne da ke cikin jerin laifukan da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, take cin tara a kai.

Amma wuƙar nan baki biyu gare ta. Mu ma 'yan unguwa muna toshe hanya. Wa ke kafa rumfar biki a tsakiyar layi kwana uku? Wa ke zube tifar yashi da bulo a titi wata biyu? Wa ke jera duwatsu da kututture a ƙofar gida don kada kowa ya tsaya, har mai kabu-kabu ya ci karo da su cikin dare? Idan baƙo ya iso ya tarar mu da kanmu ba mu ɗauki layin a bakin komai ba, shi ma haka zai ɗauke shi.

Sai tambaya ta gaba: aikin wa ne? Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya sa kasuwanni da tashoshin mota cikin ayyukan ƙaramar hukuma, har da ba da lasisin kwale-kwale da amalanke da baro. Kenan maganar filin ajiye motoci, ƙofar sakatariya ake fara bugawa. Gefen ruwan kansa kuma akwai hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, kuma dokarta ta ba ta iko a kan ƙasar da ke bin gaɓar manyan hanyoyin ruwa irin Neja. Sannan ga namu na gida: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarkin ruwa, shugabannin 'yan yuniyon da na masu jirage. A zahiri waɗannan su ne ke iya gyara abu cikin mako guda.

Yadda wasu wurare suka yi

Ba mu kaɗai ne Allah ya jarabta da baƙi masu mota ba. A birnin Benis na Italiya, wanda ke zaune a kan ruwa, mota iyakarta bakin gari. A nan za ka ajiye ta, ka shiga jirgi ko ka taka da ƙafa. A tsohon garin Lamu da ke gaɓar tekun Kenya, lungunan sun yi ƙanƙanta da mota, jaki da jirgi ne abin hawa, kuma baƙi suna zuwa daga ko'ina don su ga hakan. A garuruwan bakin teku na Ingila da yawa, ana ba mazauna unguwa takardar izinin fakin a layinsu, baƙo kuma a nuna masa fili a wajen gari, bas ko jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi. Japan kuwa tun 1962 ta yi dokar da ta sa a mafi yawan biranenta sai ka nuna inda za ka riƙa ajiye mota kafin a yi mata rajista.

Akwai wani malamin jami'a a Amurka, Donald Shoup, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan binciken fakin. Ya nuna cewa mota tana shafe kusan kashi 95 cikin 100 na rayuwarta a ajiye. Babbar hujjarsa ita ce, babu fakin na kyauta: idan mai mota bai biya ba, to wani ne ke biya. A layinmu wanda ya biya ranar nan matar yayana ce. Ya kuma ba da shawarar cewa kuɗin da aka karɓa na fakin a mayar da shi ga unguwar da aka karɓa a cikinta, don mutanen wurin su ga amfaninsa.

Ba na cewa mu kwafo Ingila. Abin da duk waɗannan wurare suka yi tarayya a kai guda ne: mota ta tsaya nesa da ruwa kaɗan, mutum ya ƙarasa.

Abin da muka yi a layinmu

Bayan suna, Baba ya je wurin mai unguwa. Aka kira zama bayan sallar isha'i, dattawa da samari, aka gayyato wani daga cikin masu jirage da wani daga 'yan yuniyon. Ga abin da aka tsayar, kuma har yau a kai muke.

Na ɗaya, gefe guda kawai ake fakin. Mun zaɓi gefen da ƙofofin mota suka fi ƙaranci. Ɗaya gefen a buɗe yake ko da wane ne ya zo.

Na biyu, alama. Mun gano yawancin baƙi ba mugunta ce ta sa su tare ƙofa ba. Get ɗin langa-langa a rufe, mutum bai san akwai mota a ciki ba. Sai aka sayo fenti, aka rubuta a jikin ƙofofin da Hausa da Turanci: "Don Allah kada a tare ƙofa, mota na fita." Wannan kaɗai ya rage abin sosai.

Na uku, fili. Akwai wani kango a saman unguwa, mai shi ya yarda a riƙa amfani da shi ranakun cikowa. Samari suka share shi, suka ja layi da toka.

Na huɗu, masu tarbar baƙi. Samari biyu suna tsayawa a bakin layi tun safe. Aikinsu su tari mota tun kafin ta gangaro, domin idan direba ya riga ya kashe mota ya kulle, gardama ce za ta biyo baya. An koya musu abin da za su ce: "Sannu da zuwa Alhaji. Ƙasa ta cika, babu wurin juyawa. Ga fili nan sama, akwai mai gadi, za mu kai muku kayanku har jirgi." Ka ji bambancinsa da "Malam ba a fakin a nan!" Na farkon ya ba mutum mafita, na biyun ya ba shi abokin faɗa.

Na biyar, lambar waya. Duk wanda zai bar mota ya shiga ruwa, sai ya rubuta lambarsa a takarda ya ajiye a jikin gilashin gaba ta ciki. Idan tsallakawa zai yi ko zai kwana, to fili zai kai ta, babu zancen layi.

Na shida, lokacin lodi. Motocin kifi da albasa su shigo da sassafe su yi lodi su fita, ba su kwana a bakin kwata suna jiran kaya ba.

Na bakwai, kuɗi. Nan ne wurin da abu ke lalacewa. Idan aka bar kowane yaro ya riƙa tare mota yana karɓar na goro, an koma ƙwace da sunan gyara. Saboda haka aka ce abin da za a bayar a fili ɗan kaɗan ne, sananne ne, da sanin mai unguwa, kuma ana rubutawa a littafi. A biya masu gadi, a ba mai kango nasa, saura a yashe kwalbati. Duk unguwar da za ta yi irin wannan, shawarata ta fara sanar da ƙaramar hukuma, don kada gobe a ce tana karɓar haraji ba bisa ƙa'ida ba.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yanzu akan samu mai cewa, "Ka san ko ni wane ne?" Irin wannan ba a ja da shi. A ɗauki hoton motar da lambarta da ƙofar da ta tare, a kira mai unguwa, idan abin ya ƙi a kira 'yan sanda ko jami'an FRSC. Lambarsu ta gaggawa 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

Abubuwan da ba a yi

Kada ka sace iskar taya, Baba ya riga ya ba da dalili. Kada ka karce fenti ko ka fasa gilashi: da kai ne mai gaskiya, yanzu kai ne za ka kwana a ofishin 'yan sanda kana biyan kuɗin gyara. Kada ka binne ƙusa a ƙofar gida, ƙafar yaron maƙwabcinka za ta fara samu. Kada kuma ka yi gaggawar watsa hoton mutum da lambar motarsa a Facebook ko TikTok kana zagi. Ka ajiye hoton a matsayin shaida, ka nuna wa masu hukunci.

Kada mu manta kuma, baƙon nan shi ne kasuwarmu. Shi ke sayen giwan ruwa da tarwaɗa, shi ke biyan mai jirgi, shi ke ba ɗan dako aiki, shi ke cin abincin da iyayenmu mata ke sayarwa. Dubi Argungu: bikin kamun kifinta da ya samo asali tun 1934 ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Muna fatan Rigata ma ta kai can. Garin da ke son baƙi dole ya tanadar musu wurin ajiye mota, in ba haka ba ƙofar gidajenmu ce za ta zama tasha.

Saƙona ga mai zuwa

Idan kai ne baƙon, ko a Yelwa, ko a Wara, ko a kowane gari na bakin ruwa, abu huɗu nake roƙonka. Kafin ka kashe mota, duba ko ƙofa ce a gabanka. Yi sallama ka tambayi mutanen da ke zaune a dakali, "Don Allah nan zai yiwu in ajiye?" Bar lambar wayarka. Idan kuma jirgi za ka shiga, kai motar sama, tafiyar minti biyar ba ta kashe kowa. A musulunci ma an koya mana cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta aikin lada ne.

Af, na manta ban faɗa muku ƙarshen mai jif ba. Bayan magariba ya dawo da iyalinsa, ya tarar da mutane tsaye. Da aka gaya masa abin da ya faru, sai jikinsa ya yi sanyi, ya cire hula ya durƙusa gaban Baba yana ba da haƙuri. Ya ce wallahi ya ɗauka ƙofar shago ce da aka daina buɗewa. Baba ya ce, "Tashi ɗana, Allah ya tsare. Gobe dai ka riƙa tambaya." Ranar suna sai ga saƙon turmin atamfa daga wurinsa.

Da samarin nan sun fasa gilashin, da labarin da zan ba ku yau na kotu ne.

Nan za mu dakata. Wanda ke da irin wannan matsala a layinsu, ya fara da gwangwanin fenti da zama ɗaya da mai unguwa, ya ga abin da zai biyo baya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.